Ungulu da Amanar da ke Wuyan Ɗan Adam

A shekarun baya da wuya a ga mayanka a birnin Bauchi da ungulaye ba su yi wa rumfa ba, suna jere a kan rufin kwano suna jiran mahauta su zubar da dattin tumbi, amma a yau yaro kan girma a Wunti ko Yalwa bai taɓa yin ido biyu da ko guda ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun duniya, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan akwai gubar da ake barbaɗa wa mushe, da sare dogayen bishiyoyin da take sheƙa a kai, da cinikin kawunanta domin tsibbu.

Asarar ba ta tsaya ga adadi ba. Kowace al'ummar tsuntsaye tana ɗauke da bambancin ƙwayoyin gado, wato 'yan sauye-sauyen da zuriya ke gada daga iyaye, waɗanda ke sa wata ta jure cutar da ta kayar da 'yar uwarta. Idan al'umma ta ragu, sai barbara ta koma tsakanin dangi na kusa, raunin da ke ɓoye ya bayyana, abin da makiyayi ya daɗe da sani, shi ya sa yake nemo bijimi daga wani garke. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take sakawa a lokacin haihuwa, don haka farfaɗowarta tana cin shekaru. A Amurka, ungulun Kalifoniya ta ragu zuwa 27 a 1987, kuma ko da yake kiwo ya mayar da ita ɗaruruwa, dukkansu jikokin tsuntsaye 14 ne, domin kiwo yana ƙara yawa, amma ba ya dawo da gadon da ya riga ya salwanta.

A nan ne tambayar addini ta taso: shin halittar da ake ƙyama tana da hakkin wanzuwa, ko sai ta nuna amfaninta? Amfanin a fili yake, tunda ruwan cikinta mai tsananin tsami yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Sai dai hujjar amfani gajera ce, don takan faɗi ranar da aka samu abin da zai maye gurbin tsuntsun. Aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar na mutane, ba ta kuma ware kyakkyawa daga mummuna ba. Al'umma kuwa ba ta cika da tsirarun da aka killace a gandun daji, sai da yalwar zuriya mabambanta. Saboda haka mai sayen kan ungulu don neman sa'a yana ɓarnata amanar da ba shi da ikon biya, kuma ya kamata malaman Bauchi su faɗi hakan a kan mumbari.