Isnadi da Amanar Alƙalami a Kundin Bincike

Tambayar da ke fuskantar ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu ko na uku, musamman a babin bitar ayyukan da suka gabata, ita ce ko ambaton madogara ƙa'idar jami'a ce kawai da ake cikawa don a tsallake jarrabawa, ko kuwa haƙƙi ne da ke wuyan marubuci ko da babu mai duba aikinsa. Malaman hadisi sun ɗauki matsayi na biyu tun zamanin su Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekarar 256 ta Hijira, domin a wurinsu magana tana samun nauyinta ne daga isnadi, wato jerin mutanen da ta bi ta hannunsu kafin ta iso ga mai faɗinta. A ƙasar Hausa ma, Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafinsa Ida'un Nusukhi ga ambaton malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu.

Wurin da wannan gado ya fi haska matsalar ɗalibin yau shi ne batun tadlisi, wanda ke nufin mai ruwaya ya jingina magana ga wani malami da lafazin da zai sa a zaci daga bakinsa ya ji ta, alhali wani ne ya isar masa. Mai tadlisi bai yi ƙarya ƙarara ba, amma ya ɓoye tsanin da ya taka, shi ya sa malamai ke dakatar da irin wannan ruwaya tasa har sai ya fayyace cewa ya ji da kunnensa. Ɗalibin da ya cika manazartarsa da littattafan da bai taɓa buɗewa ba, waɗanda ya tsinci sunayensu a kundin wani da ya gabace shi, wannan hanyar ya bi, kuma idan na farkon ya yi kuskuren fahimta, kuskuren zai ci gaba da yawo da sunan marubucin asali.

Manhajar Turnitin, wadda jami'o'i da dama ke dogaro da ita wajen farautar satar fasaha, kamannin kalmomi take aunawa, don haka wanda ya iya sauya jimla yakan wuce ta salin alin, kuma ba ta da hanyar sanin wane littafi ɗalibi ya karanta. Abin da ƙa'idar rubutu ta tanada, wanda ɗalibai da yawa ke gudu don kada a ga ƙarancin karatunsu, shi ne a rubuta cewa wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito, sannan a sanya littafin da aka riƙe a hannu cikin manazarta.