Tuban Muzuru a Shagon Gem

Malamanmu sun ce tuba tana da sharuɗɗa uku: mutum ya yi nadamar abin da ya aikata, ya daina shi nan take, ya kuma ƙudurce a ransa ba zai koma ba. In akwai haƙƙin wani a ciki, sai a ƙara na huɗu, a mayar wa mai haƙƙi abinsa. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a kai ita ce, ina matsayin wanda ya cika sharaɗin farko har da hawaye, amma cin abincin masu riƙe da shi ya dogara ga kada ya cika na biyu? Ba daga karatun zaure na samo tambayar ba. Daga shagunan gem na Tamale ta zo mini, irin waɗanda ake jera talabijin uku ko huɗu da benci, yara su biya 'yan sidi su karɓi fad, tun daga Hausa Zongo har Aboabo da Lamashegu.

Yawancin yaran ƙwallo suke bugawa, wannan ba musu. Amma da wuya ka sami wanda bai san Kratos ba, jarumin God of War. Wasan ya fara fitowa a 2005 a kan PlayStation 2. Kratos kwamandan yaƙi ne na Sparta, wanda ya miƙa wuyansa ga Ares, ɗaya daga cikin ababen bautar Girkawan da, don ya ci yaƙi. Ares ya yaudare shi har ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, tokar gawarsu ta manne a fatarsa, shi ya sa ake ganinsa fari fat. Daga nan sai ramuwa. Ya kashe Ares, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har a kashi na uku, a 2010, ya gama da Zeus, wanda shi ne ubansa. Sunan wasan kansa da gumakan da ke cikinsa sun isa su sa iyaye da yawa su hana, ban kuma ga laifinsu ba, amma wannan magana ce ta daban.

Da tatsuniyar kakanninmu ce, da nan za a ce ƙurunƙus. To kamfani ba ya cewa ƙurunƙus a kan abin da ke kawo kuɗi. Tun kafin a kai kashi na uku Sony ta fara fitar da rassa: Chains of Olympus a 2008, Ghost of Sparta a 2010, Ascension a 2013. Kowane reshe yana komawa baya ya tono wani tsohon ciwo, yau 'yarsa, gobe ƙanensa, don a sami dalilin sake zare takobi. A Chains of Olympus akwai wurin da ya fi kowane tsaya mini a rai. Kratos ya sami 'yarsa Calliope a duniyar matattu, ya ajiye makamai, sai ta bayyana dole ya koma fagen fama. Yarinyar ta rungume ƙafarsa. Wasan bai nuna maka rabuwar kana zaune kana kallo ba, kai zai sa ka yi ta danna maɓalli har ka ture ta. In ba ka ture ta ba, wasa ba ya ci gaba, kuɗinka kuma na ƙonewa.

A 2018 aka dawo da shi a kan PlayStation 4, ya yi gemu, ya manyanta, yana ƙasar mutanen arewacin Turai da ɗansa Atreus. Yanzu mai nadama ne. Yana ɓoye wa yaron tarihinsa, yana yi masa nasiha kada ya bi sawunsa. An yaba wa wasan ƙwarai, ni ma na yaba, don an rubuta uban da ɗan da basira. Sai dai tsakanin wannan nasiha da waccan, me hannun mai wasa yake yi? Sara da gatari. Kowane kisa da ladarsa, maki ne da za ka ƙara wa makaminka kaifi. Labarin yana cewa kaico, yatsa yana cewa ƙaro. Hausawa sun riga sun raɗa wa wannan suna, tuban muzuru.

Wani zai ce malam, wasa ne fa. Na yarda, kuma ba na cikin masu cewa gem ne ke koya wa yara zubar da jini. Mu a arewacin Gana bai kamata a yi mana wannan bayani ba. Yaƙin da ya ɓarke a Fabrairun 1994, wanda ake kira yaƙin zabo saboda musu a kan zabo a kasuwar Nakpayili ya zama silarsa, ya ci rayuka fiye da dubu, alhali PlayStation ta farko sai a Disambar wannan shekarar ta fito a Japan. Rikicin ƙasa da sarauta ne ya hura wutar. Ba fad a hannun kowa.

Abin da nake tsoro ya fi jinin allo laushi. Yaro ya shafe sa'o'i yana zama cikin fatar mutumin da ake nuna masa cewa jin zafin laifi a zuciya ya wadatar, ana iya kuka da safe a koma sara da rana, a kuma ci gaba da zama jarumi. Yana kuma koyon cewa gaba kullum tana da kashi na gaba. Ko a Ragnarök na 2022, inda Freya ta haƙura da ramuwar ɗanta Baldur da Kratos ya kashe, sai da aka ba su abokin gaba guda, Odin, kafin sulhun ya zauna. Ba a ajiye gatari ba, wuyan da zai sara aka sauya.

Mu kuwa mun ga yadda ake rufe gaba ta gaske. A Maris na 2002 aka kashe Yaa Naa Yakubu Andani na Biyu a Yendi tare da mutanensa da dama, rikicin gidan Abudu da gidan Andani ya kai maƙura. Manyan Tamale suna tuna dokar hana fita da ta biyo baya. Ba a binne sarkin ba sai 2006. Kwamitin manyan sarakuna uku, Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu da Nayiri da Yagbonwura, ya yi shekaru yana kai da komo. Sai a ƙarshen 2018 da farkon 2019 aka yi bukukuwan makoki na sarakunan biyu, na Mahamadu Abdulai na Huɗu da na Yakubu Andani, kowane gida da lokacinsa, sannan aka naɗa Yaa Naa Abukari na Biyu, wanda a da shi ne sarkin Savelugu. Shekara goma sha bakwai. Babu wani Odin da aka haɗu a kai. Dattawa ne suka yi ta zama, ana tashi baram-baram, ana komowa, kowane ɓangare ya haɗiye abin da ya rantse ba zai haɗiye ba. Ba mai iya mayar da wannan gem, domin babu abin dannawa a cikinsa, kuma in ya yi kyau ba ya da kashi na biyu.

Shi ya sa ba na ɗora wa Kratos laifi, mutumin da ba a bari ya daina. Hukuncin da na kai gare shi shi ne, nadamar da aka gina ta yadda ba za ta taɓa kai ga dainawa ba haja ce, kuma mai sayenta yana da rabonsa a cinikin. Ba na hana ƙannena wasan. Abin da ba na bari shi ne su kira mutumin nan mai tuba a gabana.

Yanzu hankalin kowa yana kan Grand Theft Auto VI, wanda aka ɗage fitowarsa fiye da sau ɗaya, kuma ba zai hau PlayStation 4 ba. Wanda ya gabace shi, na 2013, an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Duk mai shagon da yake son riƙe yaransa dole ya nemi kuɗin PlayStation 5. Tsofaffin na'urorin kuwa ba a zubar da su a nan, a araha ake sayar wa na bayan gari, su nufi Tolon da Kumbungu, inda wani yaro zai kunna faifan daga farko.