Gawar Mai Laifi Ba Ta Kwana a Kan Itace

Mu da ke zaune a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa mun san yadda zuciya ke tafasa sa'ad da aka kama wanda ake zargi da kai wa 'yan bindiga labari. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disamba 2020 ba. To, maci amana yana da sauran mutuncin da ya wajaba mu kiyaye?

Yahudawan dā sun yi fama da wannan tambaya. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 21, ya yarda a rataye wanda aka kashe bisa hukunci, amma ya hana gawarsa kwana a kan itace. A ranar za a binne shi. Wani naɗaɗɗen littafi da aka samo a kogon Kumran a 1956 ya fi tsanani: wanda ya ba da mutanensa ga baƙi, a rataye shi har ya mutu. Duk da haka, shi ma ya umarta a binne gawar a ranar. Mishna kuwa, wadda malaman Yahudawa suka tattara wajen shekara ta 200, ta ce sai bayan mutuwa ake ratayewa, a kuma sauke gawar nan take, gama Allah yana baƙin ciki ko da jinin mugu ne ya zuba.

Ashe ko shari'a mai tsanani ta sa wa wulaƙanci iyaka. Akwai shaidu, akwai masu hukunci, akwai kabari. Taron da ya kashe mutum a kan zargi, ya yar da gawarsa a bakin hanya, ya ƙetare duka ukun.

Mu kuwa muna durƙusawa gaban Wanda taro ya nemi a gicciye shi. Bulus ya tuna wa Galatiyawa cewa Yesu ya ɗauki la'anar nan ta itace dominmu. Yusufu na Arimatiya ya roƙi jikinsa wurin Bilatus, ya binne shi a ranar. A 2018 Paparoma Francis ya gyara Katekisma, cewa Ikilisiya ba ta amince da hukuncin kisa ba, gama mutunci ba ya ɓacewa ko bayan babban laifi.

Saboda haka, wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma. Kada hannunmu ya ɗauki dutse, kada bakinmu ya zuga masu ɗauka. Ubangiji ya ta'azantar da waɗanda aka zalunta, ya ba ƙasarmu salama. Amin.