Ni Ban Rubuta Ba, Turawa Kaɗai Na Yi

 A watan nan ina so mu yi shawara tare bisa wata tambaya wadda ta daɗe tana damun zuciyata. Ga ta: mutumin da saƙo ya shigo cikin wayarsa, ya tura wa waɗansu, daga baya aka iske saƙon ƙarya ne, yana da alhaki ko ba shi da shi?

Kada wani ya ce tsoho ne mai ƙin sabon abu ya ke magana. Tun sa'anda wayar hannu ta shigo ƙasarmu cikin shekara ta 2001, mun ga amfaninta da idonmu. Manomi a Dutsi ya kan san kuɗin gero a kasuwar Mashi kafin ya ɗora buhu a mota. Tsohuwa wadda ba ta iya karatu ba ta kan aika wa ɗanta a Ikko saƙon murya ta WhatsApp, ta ji amsarsa kafin tuwo ya nuna. Mutum uku a garuruwa uku su kan rubuta takarda guda tare, kowa yana ganin gyaran ɗan'uwansa, ba wanda ya biya kuɗin mota. Waɗannan duka alheri ne. Amma wuƙar da ta ke fere kabewa ita ce ta kan yanke yatsa.

Bari in fara da laifin kaina. Wata rana da asuba saƙo ya shigo mini cewa wani dattijo na wani ƙauye kusa da mu ya rasu. Ban tambayi kowa ba, na tura cikin zauren zumuntarmu. Kafin rana ta yi tsaka 'yarsa ta taso daga Kano tana kuka, ta ci bashin kuɗin mota. Da ta iso sai ta iske ubanta zaune a inuwa yana gyaran fartanya. Mai suna irin nasa ne ya rasu a wani gari dabam. Sa'anda na je ba ta haƙuri, na ce mata ba ni na rubuta saƙon ba. Ta amsa mini da ladabi, ta ce, "Baba, ni ban san wanda ya rubuta ba. Sunanka na gani, shi ya sa na gaskata."

Maganar yarinyan nan ita ce amsar tambayarmu. A zamanin kakanninmu kowane saƙo yana da fuska. Mai shela in ya tsaya a kasuwa, kowa ya san bakin sarki ya ke faɗi, in ya ƙara gishiri kuwa akwai wanda za ya tuhume shi. Amma saƙon waya ya kan bi hannu ɗari, ba a san inda ya fito ba. Fuska guda kaɗai mai karɓa ya ke gani, watau fuskar wanda ya miƙo masa. Domin wannan, duk wanda ya tura saƙo ya ba da aron sunansa ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Ku dubi dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa. Ba shi ya haifi saniya ba, ba shi ya yi kiwonta ba. Duk da haka mai saye ya kan biya kuɗi domin ya amince da dillali. In saniyar ta zama ta sata, dillali ba ya iya cewa, "Ni miƙa igiya kaɗai na yi." Shi za a kama, gama shi ya tsaya lamuni. Ƙaƙa fa za mu nemi wannan gaskiya wurin mai dillancin dabba, mu kuwa masu dillancin magana mu ce ba ruwanmu?

Ba ƙaramin abu mu ke zance a kai ba. Cikin watan Agusta na shekara ta 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, saƙo ya bazu cikin dare guda cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha. Mutane suka tashe iyalansu da tsakar dare. Jaridu suka ba da labari mutum biyu sun mutu saboda shan gishirin, waɗansu kuma aka kwantar da su a asibiti. Masu turawan nan ba mugaye ba ne, ƙaunar dangi ta sa su. Amma kyakkyawar niyya ba ta mai da gishiri magani ba.

Ga wani kuma wanda ya taɓa maƙwabtanmu na Daura. Cikin shekara ta 2018 aka yi ta yaɗawa cewa Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rigaya ya mutu, wai an kawo wani mai kama da shi daga Sudan. Maganar ta yi ƙarfi har ya zama dole shi da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Polan cikin watan Disamba na shekaran nan. Ya ƙara shekaru a duniya, sai cikin watan Yuli na 2025 ya rasu, aka binne shi a Daura. Masu ilimi da yawa sun tura wannan tatsuniya suna dariya. Ko sun tuna yana da 'ya'ya da dangi masu kunne?

Masu WhatsApp da kansu sun ga ɓarnar. Cikin 2018 suka sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri. Cikin 2019 suka hana a tura saƙo guda zuwa wuri fiye da biyar a lokaci ɗaya. Cikin 2020 kuma suka ce saƙon da ya sha yawo, wuri ɗaya kaɗai za a iya tura shi. Shinge ne mai kyau, amma shinge ba ya gyara halin akuya. Gyaran yana wurin mai riƙe da waya.

Yanzu wani za ya ce mini, "Malam, in saƙon gargaɗi ne fa? A jiharmu ta Katsina mahara sun kashe mutane da yawa. In na tsaya bincike, labarin ya zama gaskiya, jinin mutane ba ya kaina?" Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Shiru ma yana da alhakinsa. Amma tsakanin shiru da watsa wa duniya akwai hanya ta uku. Wayar da ta kawo saƙon ita ce za ta iya kiran mutumin da ke zaune a garin da aka ambata, minti biyu sun isa. In ba a same shi ba, a kai maganar wurin mai gari ko ma'aikatan tsaro, waɗanda su ke da ikon yin wani abu. In kuwa lalle sai ka faɗa wa jama'a, ka faɗa da bakinka, ka ce, "Wane ya gaya mini, ni ban tabbatar ba." Gama gargaɗin ƙarya ya kan sa mata su kwana a daji da jarirai, in ya yawaita kuma ranar da na gaskiya ya zo ba mai tashi.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin yatsa ya taɓa gilashi, bari kowa ya tambayi kansa abu uku. Na san wanda ya fara faɗin wannan? Zan iya tsayawa gaban mutumin da ake zancensa in maimaita? In ta zama ƙarya, wa za ya biya hasarar? In kuma ka rigaya ka tura, daga baya ka gane kuskure, ka koma zauren da ka zuba maganar ka janye ta da sunanka, kamar yadda ni ma na yi da kunya. Dattawa sun ce magana zarar bunu ce. Mu da mu ke koya wa 'ya'yanmu kada su yi shaidar zur, bari mu tuna shaida da yatsa ma shaida ce. Ku huta lafiya, sai wata mai zuwa.