Waƙar da Aka Raba da Fagenta

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa. Sai a ɗauki kiɗan da aka tsara domin wasan kwaikwayo mai waƙa, a ajiye labule da kayan ado da raye-rayen gefe guda, a miƙa kiɗan ga babban gungun makaɗa, mutum tamanin ko fiye, masu goge da sarewa da ƙaho da ganguna, su zauna a kan dandamali su kaɗa shi ga mutanen da suka zo saurare kawai. A gidan wasa makaɗan ba su cika wuce ashirin da wani abu ba, kuma a cikin wani rami ake zaunar da su a gaban dandamali don kada su tare wa 'yan kallo ido. A zauren kiɗa kuwa su ne abin kallon. Leonard Bernstein ya tsara kiɗan West Side Story, wanda aka fara nunawa a 1957, labarin masoya biyu daga ɓangarorin ƙungiyoyin matasa biyu masu gaba da juna a titunan Niyok. A 1961 aka tsamo kiɗan raye-rayensa, aka sake jera shi, babban gungun makaɗan birnin ya gabatar da shi babu ɗan wasa ko ɗaya. A cikin wannan kiɗa akwai wurin da ake busa usur irin na ɗan sanda. A wasan, usur ɗin yana tarwatsa masu faɗa. A zauren kiɗa babu faɗa, babu ɗan sanda, mutum ne sanye da baƙar kwat yake duban takarda, ya busa idan lokacinsa ya yi. Sautin bai canza ba. To me ya canza, kuma shin abin da aka ji a wurare biyun abu ɗaya ne?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu na gabashin Sakkwato, ko da ba mu da zaure irin nasu. Gandi tana ƙasar Rabah, kuma sunanta ya tafi duniya tare da Ɗan Anace, makaɗin 'yan dambe. Waƙar da ya yi wa ɗan damben nan Shago a fage aka haife ta, da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, ƙura na tashi, kalangu na kiran taken ɗan dambe, ɗan ma'abba na zuga, namiji ya naɗe hannu da zare yana tsuma. Kowace gaɓa ta waƙar tana da aiki: ta tayar da wanda ake yi wa, ta karya zuciyar abokin karawarsa, ta sa mai kuɗi ya sa hannu a aljihu. Yau waƙar nan tana cikin rediyo da wayar hannu. Tela yana jin ta yana taka keke, direba yana jin ta a hanyar Goronyo, malamin jami'a yana rubuta ta a takarda yana fitar da azancinta. Babu wanda zai naɗe hannu a cikinsu. Haka waƙoƙin Narambaɗa, waɗanda ya yi da kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, da na Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku: sarakunan sun riga mu gidan gaskiya, makaɗan ma haka, zambon da ke ciki ba ya ƙona kowa yanzu, amma ana sauraro fiye da dā.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa kiɗa aiki ne da mutane suke yi a wani wuri, a wani lokaci, da wata manufa, kuma sauti ɓangare ɗaya ne kawai na wannan aiki. Idan aka ɗauke sautin aka kai shi wani zama, an yi sabon aiki, wanda dole a auna shi da kansa. Bai gaji laifin tsohon fagensa kai tsaye ba, haka kuma bai gaji darajarsa ba. Wannan magana tana da nauyi a wajen mai nazarin fasaha, amma ta fi nauyi a wajen Musulmi, domin shi ba daɗi kaɗai yake tambaya ba, yana tambayar abin da zai tarar a littafinsa.

Magabatanmu a wannan ƙasa da haka suka kalli al'amarin. A cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera bambancin mulkin Musulunci da mulkin sarakunan da ya yaƙa, ya zargi sarakunan da shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba, sannan ya bayyana cewa Musulmi suna buga ganga domin bukata, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. A lura da kyau: fatar gangar ɗaya ce, makaɗin ma yana iya zama mutum ɗaya. Abin da ya raba halal da abin zargi a nan shi ne me ake kira da ita, wa ake tarawa, don me. Magarya, wani gari a wannan yanki namu, ita kanta shaida ce. Tana cikin wuraren da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a zamanin da yake kafa ribaɗoɗi don tsare iyaka, har Baturen nan Kilafatin ya same shi a nan a zuwansa na biyu, tsakanin 1826 da 1827, kafin Bello ya tare a Wurno inda ya rasu a 1837. A garin da aka gina don tsaro, ƙarar ganga saƙo ce, mai jin ta yana neman takalminsa da makaminsa. A ɗauki wannan bugu ɗin a kaɗa shi yau a filin hawan salla ko a bikin nuna al'adu, ba wanda zai tashi neman kwari da baka. Ya zama tunawa, ko ado, ko abin alfahari, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa hisabin daban da na kiran yaƙi.

Akwai dalilin da ya fi wannan tsufa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata ranar idi Sayyidina Abubakar ya shiga ɗakin Nana A'isha ya tarar da 'yan mata biyu suna rera waƙoƙin ranar Bu'asu, ya tsawata musu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su domin ranar idi ce. Bu'asu yaƙi ne da aka gwabza tsakanin Ausu da Khazraju kafin hijira, kuma waƙoƙinsa na alfahari ne da tuna jinin da aka zubar. A bakin mayaƙi, kafin Musulunci ya haɗa kan ƙabilun biyu, irin wannan waƙa itace ce a wutar gaba. A bakin yara mata, a cikin ɗaki, ranar farin ciki, ta zama wani abu da aka bari. Malamai sun yi saɓani mai tsawo kan iyakar abin da za a ciro daga wannan hadisi, kuma ba na cewa ya buɗe kowace ƙofa. Abin da ya nuna a fili shi ne an yi la'akari da rana, da masu rerawa, da wurin. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan sauraro, ya kawo maganar sufin nan Junaidu cewa sauraro yana bukatar lokacin da ya dace, da wurin da ya dace, da abokan zaman da suka dace. Ra'ayin Gazali shi ne sauti yana fito da abin da ke cikin zuciya ne, ya tayar da shi, mai kyau ko mummuna.

Mai karatu na da haƙƙin ya tare ni a nan. Zai ce malamai da yawa, ciki har da mashahurin zance a mazhabar Malikiyya da muke bi, sun hana kayan kiɗa su kansu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiri ke karantawa a zaure tun yana yaro, ta hana yin nufin sauraron kayan wasa da waƙa. Idan goge haramun ne, goge tamanin a zaure mai sanyi ba su zama halal don an cire 'yan rawa ba. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ban zo rushe ta ba. Wanda ya riƙe wannan fatawa ya riƙe abin da manyan malamai suka riƙe, kamar yadda wanda ya bi Ibn Hazm, da ya ga hadisan hanin ba su inganta a wajensa ba, yake da malamin da ya jingina da shi. Sai dai ko a cikin gidan masu hanin, an keɓe ganga mai fuska ɗaya a wajen aure, an keɓe gangar yaƙi. Keɓewar nan ba ta da ma'ana sai idan an yarda cewa zama da manufa suna shiga cikin hukunci. Don haka mai tsanantawa da mai sassautawa sun yi tarayya a kan asalin da nake karewa, sun rabu ne a kan faɗin ƙofar. Shi kansa Shehu, a rubuce-rubucensa na bayan jihadi irin su Najmul Ikhwan, ya ja hankalin almajirai da kada su yi gaggawar inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani, kuma kiɗa yana cikin mas'alolin da aka tattauna a wancan zamani tsakaninsa da ƙanensa Abdullahi.

Suka ta biyu ta fi damuna, domin daga cikin ɗabi'ar ɗan Adam ta fito. Za a ce waƙa ba ta rabuwa da fagenta da gaske, tana ɗauke da shi a cikin kan mai sauraro. A Kano an yi ƙungiyoyin masu bege da suka kira kansu Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora masa yabon Annabi da bandiri. Niyyarsu ita ce su karkatar da zukatan matasa daga silima zuwa ga so na gaskiya. Masu sukarsu suka ce wanda ya san fim ɗin, da ya ji karin, jarumar ce za ta faɗo masa a rai tana rawa, sai a wayi gari an haɗa mafi tsarkin suna da hoton da bai dace ba. Wannan gaskiya ne ga wanda ya ga fim ɗin. Tsohon ɗan dambe ma, idan ya ji takensa a rediyo yana zaune a ƙofar gida, tsikar jikinsa za ta tashi ko da gwiwa ta daina ɗaukarsa. Kuma sauti yana da ƙarfin kansa: hadisin Anjasha ya nuna yadda waƙar mai kora take sa raƙuma sauri har a ji wa matan da ke kansu tsoro, alhali raƙumi bai san ma'anar kalma ba. Amma idan aka duba, sukar tana ƙarfafa maganata ne ta wata fuska. Abin da mai sauraro ya zo da shi a ƙwaƙwalwarsa yana cikin zaman, kamar yadda wurin da lokacin suke ciki. Mutum biyu suna iya zama a tabarma ɗaya, kunnuwansu su ji abu ɗaya, ɗaya yana tuna Madina ɗaya yana tuna allon silima. Abin da wannan ke jawowa shi ne mai ɗauko waƙa daga wani wuri ba zai fake da kyakkyawar niyyarsa kaɗai ba, sai ya san su wa zai rera wa, da abin da suka riga suka sani. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin fim ɗin ba, a wajensa karin na bege ne tun asali.

Masu fasaha kuma suna da nasu ƙorafin, cewa cire kiɗa daga wasansa kamar cire kifi ne daga gulbin Rima a sa shi a kwano. Akwai hasara, ba shakka. A 1995, da aka cika shekara goma da fara nuna wasan kwaikwayo mai waƙa na Les Misérables da Turanci, an gabatar da shi a babban zauren Royal Albert Hall na Landan, mawaƙa suna tsaye a gaban makirfo, gungun makaɗa a bayansu. Shingen da 'yan tawaye suka mutu a kansa a cikin wasan babu shi, mutuwar ta koma murya kawai. Amma kunne ya sami abin da ido yake ƙwace masa. Haka yake ga Ɗan Anace: a fage, ihu da ƙura da fargabar wa zai faɗi ba sa barin mutum ya tsaya a kan yadda ya saƙa magana, yadda yake kiran mutuwa da sunaye yana kai ɗan dambe bakin kabari da baki kafin a kai hannu. Mai sauraro a natse shi ne yake gane cewa makaɗin mahauta da 'yan dambe yana tunani a kan ajali da ƙarewar ƙarfi, tunanin da ba ya nesa da na mai wa'azi. Wannan ba ya cikin abin da aka je nema a fage, sabon zaman ne ya fito da shi.

Inda nake ganin haɗari na gaske shi ne wurin da ake ɗauko waƙa a ɓoye asalinta, ko a canza mata fage zuwa wanda ya fi na farko muni. Zambon da Narambaɗa ya yi wa abokin hamayyar ubangidansa ya mutu da mutanensa, amma idan ɗan siyasa ya ɗauko irinsa ya sa a lasifika a kasuwar Achida ana gobe zaɓe, yana nufin wani mai rai da magoya bayansa, wutar ta sake kamawa, kuma alhakinta yana wuyan wanda ya kunna, makaɗin da ke kabari ba shi da hannu. Taken da ke sa namiji tsuma, idan aka kaɗa wa matasa masu gora a hannu, ya koma aikinsa na farko ba tare da dokokin fage ba, babu alƙali mai raba su, babu sarkin dambe da zai ɗaga hannun wanda ya yi kisa a tashi lafiya. A ƙasar da ta sha jinin 'ya'yanta a 'yan shekarun nan, daga Rabah zuwa Goronyo zuwa Isa, har aka ji ana yi wa 'yan bindiga waƙar yabo da salon da dā ake yi wa jarumai da manoma, salon bai yi laifi ba lokacin da yake tayar da gayya a gona, kuma tsohuwar darajarsa ba za ta wanke wanda ya kai shi daji ba.