Karen da Ya Daina Haushi

Ɗana, ranar da ka kawo kare gidanka, ko don gadi ko don farauta, ranar ka ɗauki amana. To, ka sani kare ma yana shiga damuwa. Ransa yana ɓaci, har ta kai shi ga fid da rai da komai.

Ka lura da naka. Wanda ya saba tarar ka a bakin ƙofa yana kaɗa bindi, yau ka shigo ko kai bai ɗaga ba. An zuba masa tuwo, ya shinshina ya koma ya kwanta, ƙudaje na bin kwanon. Yana ta lasar ƙafarsa ta gaba har gashin wurin ya zube, fata ta yi ja. A nan ne za ka ji maigida na cewa, "Ai yanzu ya natsu, ya daina damun mutane." Wannan shirun abin tsoro ne.

A shekarar 1967, Martin Seligman da Steven Maier sun yi wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka. Suka ɗaure karnuka ana jona musu wutar lantarki, babu yadda za su tsayar da ita. Daga baya aka sa su inda tsallake ɗan gajeren shinge kawai zai cece su, amma yawancinsu sai suka kwanta suna kuka a hankali. Masu gwajin suka ce karnukan sun riga sun koyi cewa ƙoƙari ba ya fid da su. Gwajin akwai rashin imani a ciki, sai dai ya taimaka wa masana wajen fahimtar ciwon damuwa a jikin ɗan Adam. Yanzu ka dubi karen da aka ɗaure da sarƙa taku uku a bayan gida, rana ta ƙare a kansa, ya yi haushi ya gaji ba wanda ya leƙo. Darasin da yake koyo ke nan.

Kare dabba ce mai son jama'a. Mutuwar ɗan'uwansa, ko tafiyar yaron da ke ba shi abinci, ko ƙaura zuwa sabon gida, duk suna iya karya masa zuciya.

Amma kada ka yanke hukunci da kanka. Fara kai shi wurin likitan dabbobi, domin cutar da kaska ke sawa, da tsutsar ciki, da ciwon haƙori ko na gaɓoɓi, duk suna sa kare ya lafe haka. In kuwa halinsa ya juya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, kada ka kai hannu bakinsa, kada yara su matso, don yana iya zama ciwon hauka. Kuma kar ka ba shi maganin mutane. Ibuprofen da kake sha don ciwon jiki yana iya lalata masa ciki da ƙoda.

In likita ya ce jikinsa lafiya lau, sauran aikin naka ne. Kwance shi safe da yamma ya taka ƙasa, ya shinshina duniya. Kira sunansa, ka jefa masa abin da zai bi da gudu. Ya samu inuwa da ruwa mai tsabta, abinci kuma a kan lokaci.

Ka san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wancan karen hanya ne, naka kuwa kai ka ɗaure shi. In ba za ka iya ba shi haƙƙinsa ba, ɗana, ka miƙa shi ga wanda zai iya.