Shin "Sai Haƙuri" Kaɗai Ya Wadatar?

Jama'a, kusan kowane wata sai mun karɓi baƙo daga gida wanda aka turo Legas neman maganin ciwon daji. Ya sauka a ɗakin ɗan uwa nan Idi-Araba, yana jiran layin gashi ko ranar ƙarin ruwan kemo. Wajen karo-karo kam, alhamdu lillahi, muna ƙoƙari. Amma in mun je dubiya, me muke ce masa?

"Sannu, sai haƙuri." Da ya buɗe baki ya ce, "Wallahi tsoro nake ji," sai mu tare shi: "Haba Malam, kai da ke da imani?" Shi ke nan, ya haɗiye maganarsa. Mu tashi muna ganin mun yi nasiha, alhali mun bar shi da ciwo biyu, na jiki da na zuci.

To, tsoro da hawaye suna warware haƙuri ne? Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Annabi Ayuba, wanda da shi ake misalin haƙuri, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Faɗin inda ke ciwo daban ne.

Wani zai ce, in mun bar shi yana irin wannan magana, ai zuciyarsa za ta karye. Akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba mu ce a tsorata shi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa ba mutuwa ce ke hana shi barci ba. Bashi ne, ko yaran da ya baro a gida. Wata an cire mata nono, tana fargabar yadda maigida zai dube ta. Wani yana zaton azaba ce aka saukar masa. Wani ya daina salla don kunyar robar fitsari, ba wanda ya gaya masa cewa zai iya yi a zaune ko a kwance, da taimama in ruwa zai cutar da shi. Yaya za mu san wannan in mun rufe masa baki?

Saboda haka in mun je, mu zauna mu saurara kafin mu yi wa'azi. Kada mu kawo labarin wane da cutar ta kashe. Kada mu zuga shi ya bar asibiti, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Mu tambayi mai jinya ko ta ci abinci, ita ma tana ɗauke da nata nauyin.

Haƙuri nasa ne, zama kusa da shi kuwa namu ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ce. Amin.